'Ya'yan Tsuntsaye a Tsakar Gida: Ciyarwa da Lura a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, da wuya damina ta wuce ba a sami safiyar da yara za su shigo gida a guje da ɗan tsuntsu a tafin hannu ba. Galibi hakan kan faru ne bayan hadarin dare mai iska, irin wanda kan karya rassan dogon-yaro ya yaye jinka. Ga ɗan tsuntsun nan tsirara, ko kuwa gashi ya fara tsiro masa tsilli-tsilli, sai buɗe baki yake yi. Abin da ke biyo baya sananne ne ga kowa: a nemo masa tsohuwar ƙwarya, a ɗiga masa ruwa da yatsa, a ɗura masa fura da nono ko tsakin gero, kafin la'asar ya fara lumshe ido, washegari a iske shi ya sanƙare. Ni kaina na yi wannan aika-aika ina yaro, da wani ɗan kurciya da ya faɗo daga magarya, kuma na daɗe ina zaton ƙarar kwana ce kawai. Sai daga baya na fahimci cewa garin neman gira ne na rasa ido.

Wannan yanki na gabashin Jihar Sakkwato ba matalauci ba ne ta fuskar tsuntsaye. Gulbin Rima ya ratsa Goronyo da Wurno, gulbin Sakkwato kuma ya bi ta gefen Rabah, ga fadamu na shinkafa da albasa da tafarnuwa. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala gininta a 1984 aka buɗe ta a 1992, tana iya tare ruwa fiye da cubic mita miliyan 900, saboda haka ko da rani akwai ɗanyen ganye da ƙwari a kwarin Rima. Sai dai kuma a shekarun nan rashin tsaro ya sa shiga daji, musamman ta wajen Gundumi, ya zama kasada, ta yadda malamin makaranta ba zai kuskura ya kwashi ɗalibai zuwa kallon tsuntsaye a bayan gari ba. Tsakar gida ce ta rage mana, kuma kamar yadda mai karatu zai gani, abin da ke faruwa a cikinta ya isa ya shagaltar da mai neman ilmi shekara da shekaru.

Wanda ya faɗo da wanda ya sauko

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, 'ya'yan tsuntsaye iri biyu ne tun daga ƙyanƙyasa. Akwai irin na zabo da fakara da agwagwa, waɗanda kan fito daga ƙwai ido buɗe, jiki lulluɓe da gashi mai laushi, cikin 'yan sa'o'i sun bi uwa suna tsattsaga da kansu. Akwai kuma irin na kurciya da gwara da marai da baiwar Allah, waɗanda kan fito makafi, tsirara, ba sa ko iya riƙe ɗumin jikinsu sai uwa ko uba ya kwanta a kansu. Wannan iri na biyu shi ne yara kan tsinto.

A cikin wannan iri ma akwai bambanci, kuma a nan ne mafi yawan kuskure ke aukuwa. Ɗan tsuntsun da jikinsa ya rufe da gashi, wutsiyarsa gajera, yana iya tsayawa da ƙafafunsa, yana tsalle-tsalle ko ɗan tashi ya sauka, wannan ba faɗowa ya yi ba, saukowa ya yi. Ya kai lokacin barin sheƙa ne, domin tsuntsaye da dama sukan bar sheƙa kwanaki kafin su ƙware da tashi. Hikimar wannan ita ce, sheƙa wuri ne guda da maciji ko hankaka zai iya ganowa ya share 'ya'yan gaba ɗaya, amma idan sun warwatsu cikin danga da ƙarƙashin rumbu, ko an kama ɗaya saura za su tsira. Iyayensa suna nan kusa, suna jin kukansa, suna kawo masa abinci a duk inda ya laɓe. Wanda ya ɗauke irin wannan ya shiga da shi ɗaki, sata ya yi ba ceto ba. Iyakar taimakon da yake bukata shi ne a ɗora shi kan reshe ko saman danga, a kori mussa, a hana yara kewaye shi.

Wanda ya faɗo kuwa shi ne mai jan jiki, ko mai gashi kamar ƙaya, wanda ba ya iya kama yatsa da ƙafa. Maganinsa a ɗaga kai a nemi sheƙar a mayar da shi. In iska ta wargaza sheƙar, sai a sami sakaina ko ƙaramin kwando, a huda ƙasansa don kada ruwa ya taru, a shimfiɗa ragowar sheƙar ko busasshiyar ciyawa a ciki, a ɗaure shi a inuwa kusa da inda tsohuwar take, sa'an nan kowa ya ja da baya na sa'a ɗaya ko biyu. Sau da yawa iyayen sukan dawo. Maganar da ake yi cewa wai idan hannun mutum ya taɓa ɗan tsuntsu uwarsa za ta ji wari ta ƙi shi, ba ta da tushe. Tsuntsaye suna jin ƙamshi da wari, wasunsu ma ƙwarai, amma masana da ke sanya wa 'ya'yan tsuntsaye zobe a ƙafa suna taɓa dubbai kowace shekara, iyayen kuma su ci gaba da ciyar da su. Abin da ke korar uwa shi ne tsayuwar mutane a gindin bishiya. Tun kafin kimiyya ta yi wannan bayani, Abu Dawuda ya ruwaito yadda wasu sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a cikin tafiya, ta zo tana karkaɗa fukafukai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su mayar mata da 'ya'yanta.

Abin da iyaye ke ba su

Mai lura zai yi mamakin ganin cewa tsuntsun da muka sani da cin hatsi, idan ya sami 'ya'ya sai ya koma farautar ƙwari. Dalili kuwa shi ne, ɗan tsuntsu yana ninka nauyinsa sau da yawa cikin mako biyu, yana gina tsoka da ƙashi da gashi a lokaci guda, gashin tsuntsu kuma kusan gaba ɗayansa furotin ne. Gero da dawa galibinsu sitaci ne, ba za su iya wannan gini ba. Shi ya sa gwara da marai kan yi ta jigilar tsutsa da 'yan fari da gara, kuma shi ya sa tsuntsaye masu yawa a ƙasashenmu suke daidaita ƙyanƙyasa da damina, lokacin da shinge ke tashi bayan ruwa, ciyawa kuma ta cika da ƙwari. Ruwan da ɗan tsuntsu ke bukata ma daga jikin waɗannan ƙwari yake samunsa.

Jan-baki, abokin gabar manoman shinkafa na kwarin Rima, kyakkyawan misali ne. Wani masani ɗan Ingila mai suna Peter Ward ya yi nazarin wannan tsuntsu a arewa maso gabashin Nijeriya, wajajen Tafkin Cadi, ya wallafa sakamakonsa a 1965. Ya nuna cewa asalin abincin jan-baki irin ciyawar daji ne, amma kaso mai tsoka na abin da yake ɗura wa 'ya'yansa ƙwari ne, musamman a kwanakin farko. Jan-baki kan yi sheƙa dubbai a wuri guda cikin itatuwa masu ƙaya, ya yi kwanci na kwana 10 ko makamancin haka, 'ya'yan kuma su bar sheƙa kafin su cika mako biyu. Wannan gaggawa ita ce sirrin yawansa, har ana ƙiyasta cewa a Afirka adadinsa kan kai miliyan 1,500 bayan lokacin haihuwa. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

Daga wannan za a gane dalilin da ya sa fura da nono ke kashe ɗan tsuntsu. Cikin tsuntsu ba a shirya shi don narkar da sukarin da ke cikin madara ba, sai ya jawo masa zawo, zawo kuma ga halitta mai nauyin giram biyar ko goma ajali ne. Ɗiga ruwa a baki ya fi wannan haɗari, domin ƙofar maƙogwaron numfashi tana buɗe ne a gindin harshe, ɗigo ɗaya in ya bi ta can ya shiga huhu ke nan. Tuwo da miya kuma akwai gishiri, wanda ƙodarsa ba za ta iya tacewa ba.

To, in ya tabbata iyaye sun mutu ko sun ƙi dawowa fa? Sai a fara da ɗumi kafin abinci. Zafin jikin tsuntsu yana tsakanin digiri 40 zuwa 42, wanda ya fi na mutum, kuma ɗan tsuntsun da ya yi sanyi ba ya iya narkar da abin da aka ba shi, sai ya ruɓe masa a ciki. A naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma a jingina shi da ita a wuri mai duhu. Idan ya farfaɗo ya fara buɗe baki, a ba shi gara, ko cikin fara mai laushi wanda aka cire wa ƙafafu da fukafukai, ko dafaffen ƙwai da aka murmushe aka ɗan jiƙa, a kan tsinke marar kaifi. Kada a ɗebo ƙwari daga gonar da aka yi wa feshi. Za a maimaita wannan ciyarwa kusan duk minti 20 zuwa 30, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, har tsawon mako biyu ko uku. Ina faɗin wannan ne domin mai karatu ya auna da kansa. A ganina, mutum ɗaya cikin ɗari ne zai iya wannan ɗawainiya, kuma ko ya iya, tsuntsun da ya tashi a hannun mutum bai koyi tsoron shirwa ba, bai koyi neman abinci ba. Konrad Lorenz, wanda ya sami lambar Nobel a 1973, ya shahara ne da nuna yadda 'ya'yan dinyar Turai suka ɗauke shi uwa don shi suka fara gani. Minti goma na neman sheƙa ya fi mako uku na reno.

Nonon kurciya

Kurciya da hasbiya da tantabara sun bi wata hanya dabam, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Su ba sa farautar ƙwari. A ƙasan wuyansu akwai wata jaka inda suke tara hatsi kafin ya wuce ciki. Yayin da kwanci ya yi nisa, fatar cikin wannan jaka sai ta yi kauri, ƙwayoyin halittarta su cika da maiƙo, sa'an nan su riƙa saɓulewa suna taruwa kamar cuku mai laushi. Wannan shi ne abincin ɗan kurciya a kwanakin farko, kuma uwa da uba duka suna yin sa. Likitan nan ɗan Birtaniya John Hunter ya bayyana shi tun a 1786. In an busar da shi aka auna, wajen kashi 60 cikin ɗari furotin ne, fiye da kashi 30 kuma maiƙo, sitaci da sukari kuwa kusan babu. Wani abin sha'awa shi ne, sinadarin da ke umartar jikin kurciya ya yi wannan nono shi ne dai wanda ke sa mace ta kawo ruwan nono, wato furolaktin. Oscar Riddle da abokan aikinsa a Amurka su ne suka ware shi suka raɗa masa suna a farkon shekarun 1930, kuma da jakar wuyan tantabara suka riƙa gwada ƙarfinsa. Ashe likitan mata yana da bashin tantabara a kansa.

Bayan kwana uku ko huɗu iyayen sukan fara gauraya nonon da hatsin da ya jiƙa, a hankali hatsi ya rinjaya. Kurciya ƙwai biyu take yi, ta yi kwanci wajen mako biyu, 'ya'yan kuma su bar sheƙa bayan wani mako biyun. Da yake ba ta dogara da ƙwari ba, tana iya haihuwa a mafi yawan watannin shekara, saboda haka ita ce mafi sauƙin samu ga mai son fara lura. Ɗan kurciya ba ya wage baki sama kamar ɗan gwara, cusa bakinsa yake yi cikin na uwarsa ya tsotsa. Wanda bai san wannan ba sai ya ce ya ƙi ci, ya shiga ɓare masa baki da ƙarfi. Wanda ya ɗan tasa ana iya renonsa da jiƙaƙƙen gero da aka kwaɓa da dafaffen ƙwai, a zuba a sirinjin da aka yanke wa baki ya riƙa cusa kai yana sha, amma ɗan kwana ɗaya ko biyu da wuya ya rayu ba tare da nonon iyayensa ba.

Baƙo a sheƙar baiwar Allah

Babu gidan da bai san baiwar Allah ba, 'yar ƙaramar tsuntsuwar nan da ke shiga har gindin turmi tana tsintar tsaki, namijin ja, macen ruwan ƙasa da ɗan ja a gindin wutsiya. Nauyinta bai kai giram 10 ba. Takan yi sheƙa dunƙulalliya a cikin jinka ko zana ko ramin bango, ta shimfiɗa mata gashin kaza, ta zuba fararen ƙwai uku zuwa biyar, galibi daga ƙarshen damina zuwa cikin rani. Bayan kwana 11 ko 12 sukan ƙyanƙyashe, su yi kamar kwana 18 a sheƙa.

Idan kaka ta yi, mai karatu ya duba ƙololuwar busasshen reshe ko wayar lantarki a bakin gari. Zai ga wani ɗan ƙaramin tsuntsu baƙi mai sheƙi, farin baki, jajayen ƙafafu, yana ta rera kuka ko da tsakar rana. Masana suna kiransa Vidua chalybeata. Wannan tsuntsu ba ya yin sheƙa ko kaɗan. Macensa, wadda ta yi kama da gwara, takan faki ido ta shiga sheƙar baiwar Allah ta ajiye ƙwanta ta yi gaba. Marie-Yvonne Morel, wadda ta shafe shekaru tana nazarin baiwar Allah a garin Richard-Toll na ƙasar Senegal, ta wallafa a 1973 cewa wajen sheƙa ɗaya cikin uku tana ɗauke da irin wannan baƙo. Yanayin wancan gari na bakin kogi da gonakin ban-ruwa bai yi nisa da na Wurno ba.

Ta yaya baƙon ke samun abinci ba a gane shi ba? Cikin sheƙa duhu ne, iyaye kuma bakin da ya buɗe suke kallo. Ɗan baiwar Allah yana da tambari a baki: ganɗarsa rawaya ce mai baƙaƙen ɗigo uku, a kusurwar bakin kuma akwai 'yan fararen ƙuraje masu shuɗi a tsakani, waɗanda ke ɗaukar ido a duhu. Ɗan baƙon yana fitowa daga ƙwai da wannan tambari sak. Bugu da ƙari, ba ya tunkuɗe 'ya'yan masu gida, tare suke tashi. Sai an zo wajen kuka ne lamarin ke ƙara ban mamaki. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to shi wannan kukan gidan da aka rene shi yake yi. Namiji idan ya girma yakan saka kukan baiwar Allah cikin nasa, mace kuma takan zaɓi mijin da ke kuka irin na waɗanda suka rene ta, ta kuma kai ƙwanta sheƙar irinsu. Robert Payne na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun tabbatar da haka a ƙarshen shekarun 1990, yayin da suka ba wani tsuntsun keji na Asiya renon waɗannan 'ya'ya: da suka girma, mazan suka ɗauki kukan sabon gidan, matan kuma suka karkata ga sheƙarsa. A 2003 nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa ta wannan hanya ta sauya gidan reno ne sababbin jinsunan wannan dangi suke samuwa. Tambari gado ne, kuka kuwa koyo ne, kuma duk wannan yana faruwa a jinkar madafin gidajenmu.

Ko hankaka, duk da wayonsa, bai tsira ba. Peter Mundy da A. W. Cook, waɗanda suka rubuta jerin tsuntsayen Sakkwato a farkon shekarun 1970, sun wallafa a 1977 yadda wani tsuntsu mai dogon wutsiya da tukku, Clamator glandarius, yake zuba ƙwai a sheƙar hankaka ya bar masa reno.

Kasko da tsaba

Hanyar da mutum zai ciyar da 'ya'yan tsuntsaye ba tare da cutar da su ba ita ce ya taimaki iyayensu. A ƙasa irin tamu, inda zafin Afrilu kan wuce digiri 40, ruwa ya fi hatsi daraja. Kasko mai faɗi ya isa, zurfin ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, a jefa 'yan duwatsu a ciki don ƙananan tsuntsaye su sami wurin tsayawa. A ajiye shi a inuwa, kusa da ƙaya ko danga da za su faɗa in shirwa ta kawo sura, amma ba daf da inda mussa za ta laɓe ba. Wani nazari na 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi suna kashe tsuntsaye tsakanin miliyan 1,300 zuwa 4,000 kowace shekara a Amurka kaɗai, kuma ɗan tsuntsun da ya sauko jiya shi ne nama mafi sauƙi.

Game da hatsi, mutane kan zaci ƙarshen rani ne lokacin yunwar tsuntsaye. Binciken Ward ya nuna cewa matsin ya fi tsanani a makonnin farko na damina, domin ruwa yana sauka irin ciyawar da ke kwance a ƙasa tun bara sai ya tsiro, abincin ya ɓace a lokaci guda, sabon iri kuma sai bayan mako shida ko fiye. Saboda haka Yuni da Yuli ne tafin hannu na gero ko tsaki zai yi amfani. Da kaka kuwa ɓarna ce kawai. A zuba abin da za su cinye kafin hantsi, domin wanda ya kwana na kusu ne, kuma kada a zuba shi a gindin rumbu.

Akwai abubuwa biyu da suka zama guba. Na farko irin shuka da aka yi wa magani, wanda akan gane shi da launin ja ko shuɗi. Na biyu hatsi ko gyaɗar da ta yi funfuna. A 1960 'ya'yan talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka shigo da shi daga Brazil, kuma ta dalilin wannan ne aka gano gubar aflatoksin, wadda ke lalata hantar tsuntsu da ta mutum. Abin da uwargida ta ƙi dafawa, kada a ba tsuntsu.

Tsafta kuma wajibi ce, domin wurin da ya tara tsuntsaye ya tara cututtukansu. Masu kiwon tantabara sun san ciwon nan da ke sa wani abu rawaya kamar cuku ya toshe maƙogwaro. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Trichomonas gallinae ke kawo shi, tana bin yawu ta shiga ruwan sha, tana kuma bin nonon jaka daga uwa zuwa ɗa. A Birtaniya, inda ciyar da tsuntsaye a lambu al'ada ce, ta ɓulla cikin ƙananan tsuntsaye a 2005, kuma cikin 'yan shekaru adadin wani jinsi guda ya faɗi daga miliyan 4.3 zuwa 2.8. Sa'ar da muka yi ita ce wannan ƙwaya ba ta jure bushewa. Mai kasko biyu sai ya riƙa musanya su, ɗaya na aiki ɗaya na kife a rana. Zubar da ruwan kullum yana kuma hana sauro ƙyanƙyasa a ciki. Haka nan a raba kaskon da mashayar kaji. Murar tsuntsaye mai tsanani ta H5N1 ta fara bayyana a Afirka ne a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, a farkon 2006, kuma ta sha dawowa tun daga lokacin. In an ga tsuntsaye suna mutuwa barkatai, a kwashe kasko, a hana yara taɓa mushen, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa kowane ɗan tsuntsu.

Littafin lura

Kayan aikin mai lura littafi ne da alƙalami da agogo, sai haƙuri. Ya zauna taku goma ko fiye daga sheƙa, a wuri ɗaya kullum, har tsuntsayen su saba da shi kamar yadda suka saba da turmi. Kada ya riƙa leƙa sheƙa fiye da sau ɗaya a kwana biyu ko uku, kada ya karya ganyen da ke rufe ta, domin hankaka yana lura da mai lura. Idan 'ya'yan sun kusa tashi ma ya daina matsawa sam, don firgita kan sa su watse kafin lokaci. Ya rubuta ranar da aka fara gini, da ranar ƙwan farko, da adadin ƙwai, da ranar ƙyanƙyasa, da ranar barin sheƙa. Ya ware sa'a guda ya ƙirga sau nawa iyaye suka kawo abinci, wane ne ya fi kawowa, da safe ko da yamma. Zai ga uwar gwara tana fita da wani farin ƙulli a baki: kashin ɗanta ne, wanda ke fitowa a cikin 'yar jaka mai yauƙi don a kai shi nesa, sheƙa ta zauna da tsafta.

Wanda ke kusa da bishiyar marai ya dace da makaranta kyauta. Nicholas da Elsie Collias sun nuna a shekarun 1960 cewa namiji kan saƙa sheƙa da zaren ciyawa ko na kaba wajen 300, ya rataya a ƙarƙashinta yana kaɗa fukafukai, in mace ba ta karɓa ba har ta bushe sai ya tsinke ta ya sake sabuwa. Samarin da ba su kai shekarar aure ba sukan ware gefe suna saƙa wasu tarkace marasa kan gado, da haka hannu ke faɗawa. Cilakowa kuwa macen kan shiga kogon bishiya ta liƙe ƙofar da laka da kashi, ta bar 'yar tsaga wadda mijin zai riƙa miƙo mata abinci ita da 'ya'yanta har makonni.

Irin waɗannan rubuce-rubuce suna da masu bukatarsu. Nijeriya tana da jinsunan tsuntsaye fiye da 900. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos ta fara shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda aka rarraba ƙasar zuwa murabba'ai masu faɗin kimanin kilomita 9, masu sa-kai suna aika sunayen tsuntsayen da suka gani ta wayar hannu. Murabba'in da baƙo ba zai iya shiga ba saboda tsaro, ɗan gari yana zaune a tsakiyarsa. Ɗalibin sakandare a Gandi ko Achida ko Shinaka zai iya farawa da shamuwa, wadda kan iso daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a tsamiya ko kukar tsakiyar gari, ta ciyar da 'ya'yanta fara da tsutsa, ta koma in ruwa ya ɗauke. Ya rubuta ranar da ya ga ta farko, da ranar ruwan shuka, da adadin sheƙun da ke bishiyar, da 'ya'ya nawa suka tashi daga kowace sheƙa, sa'an nan baɗi ya buɗe sabon shafi a littafin ya sake.